Tire Biyu a Tanderun Amm Sabri

Tun ranar Talata da 'yata Narmin ta ce ita za ta yi makaroni da hannunta, hankalina bai kwanta ba. Ran Juma'a Wa'il zai kawo mahaifiyarsa, Hajja Tahani, su ci abincin rana a gidanmu, karo na farko tun da ya nemi auren 'yata. Kowa a unguwar Bakus ya san abin da uwar miji take zuwa dubawa. Za ta sa wuƙa a tiren makaroni. In yankan ya tsaya da ƙafarsa, yarinya ta sami horo. In ya zube, sai a ce, "Allah sarki, ai ba uwa."

Wannan maganar ce ba na son ji. Shekara shida ke nan da rasuwar uwarta. Ni direban bas ne, abin da na iya koya mata bai wuce dafa wake da shayi ba.

Ran Alhamis na lallaɓa gidan yayata Fauƙiyya, na roƙe ta ta yi wani tiren a ɓoye.

"Ramzi, ba ka da kunya," in ji ta. "Yarinya da digiri a hannu, ka ce ba za ta iya dama fulawa da madara ba?"

"Ajiya ce kawai, Yaya. Ko da wani abu ya faru."

"Ai kai ne abin da zai faru."

Ta zage ni son ranta, amma ta yarda.

Da safen Juma'a na tsaya bakin kicin ina leƙe. Narmin ta narka man shanu, ta zuba fulawa, ta tsiyaya madara tana juyawa. Na hango gudaji biyu a tukunyar.

"Baba, ka tsaya mini a ka kamar mai duba tikiti. Je ka ka yi aski."

Ta shimfiɗa rabin makaronin, ta bi da niƙaƙƙen nama, ta rufe da saura, ta kwarara farin romon, ta goga cuku a sama. Tanderunmu ya daɗe da lalacewa, don haka na ɗauki tiren zuwa wurin Amm Sabri mai burodi, kamar yadda rabin unguwa ke yi ran Juma'a. Na Fauƙiyya ya riga ni isa. Tirukan iri ɗaya ne, don rana ɗaya ita da marigayiya matata suka saye su.

"Usta Ramzi direba, tire biyu? Aure biyu za ka ɗaura?" in ji Amm Sabri, yana rubuta sunaye da alli a gefe.

Da aka sauko daga masallaci na tarar sun gasu. Na Fauƙiyya ya yi ja sumul. Na Narmin ma ya yi kyau, sai dai kusurwa ɗaya fara fat, ba ko ɗigon cuku. Na ce a raina, ka ga, ta manta. Na sa yatsa na goge sunan Fauƙiyya, na ɗauki nata.

Hajja Tahani ta sa wuƙa. Yankan ya tsaya kamar bulo.

"Tubarkalla! Wa'il, ka shiga uku, teɓa za ka yi."

Aka yi dariya. Ban da Narmin. Ta juya tiren, ta sake juyawa, tana duba kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ɗago ta kalle ni. Ta zuba wa kowa, ni kuwa ta tura mini farantin salak.

Da baƙi suka tafi, ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Baba, ina kusurwarka?"

"Wace kusurwa?"

"Wadda ban sa wa cuku ba. Likita ya hana ka gishiri, cukun nan kuwa gishiri ne zalla, kai kuma ba ka iya ganin makaroni ka ƙyale. Na ware maka gefe guda." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta tashi. "Na Gwaggo ne, ko? Ita kaɗai ke sa kirfa a nama."

Ta buɗe mini ƙofar.

"Je ka ka ɗauko nawa."

Na sauka, na karɓo shi. Amm Sabri ya dubi fuskata, bai yi zolaya ba. Narmin ta yanke farar kusurwar ta ɗora mini a faranti. Yankan ya ɗan karkace, amma bai zube ba. Na ci. Akwai gudaji ɗaya a ciki, na haɗiye shi.

"Ya yi daɗi, 'yata. Wallahi ya yi."

"Na sani." Ta lulluɓe sauran da tawul, ta miƙo mini. "Kai wa Hajja Tahani. Ka gaya mata wannan ne nawa. Ba zan shekara arba'in ana auna ni da hannun Gwaggo ba."

"Narmin, in ta ce..."

"Ta ce. Ni dai ka kai."

Gidan Hajja Tahani hawa na biyar ne. A kowane hawa na tsaya ina shirya abin da zan faɗa, ban sami mai daɗi ba. Na gyara tawul ɗin yadda sunan Narmin zai fito a gefen tiren, na ƙwanƙwasa.