Kafin Jar Fitila Ta Mutu

A ɗakin naɗar kiɗa a Budapest, muddin jar fitila tana kunne, alamar ana cikin naɗa, ko kujera ba ta isa ta motsa ba. Piroska, sabuwar mai goge, ta san atishawa ɗaya ce ta sa aka sallami wadda ta gada.

Suna ƙarasa kiɗan rawar, sauti yana sirancewa, sai tari ya taso mata. Ta danne shi, hawaye na zuba.

Fitilar tana mutuwa, tarin ya ɓarke. Shugaban makaɗan ya waiwayo.

Ta raɗa wa tsohon da ke gefenta, "Baba Dezső, na shiga uku!"

Ya ce, "Haba 'yar nan, ai fitila ta riga ki. Yi tarinki har ki ƙoshi."