Wuƙar Hannun Hagu

Tukur ya zaro ƙarfen daga wuta da awartaki, ya ɗora shi kan uwar maƙera, ya shiga bugu. Guntun sifirin ɗin tsohuwar mota ne, irin wanda ya saba ƙira da shi a rumfarsa ta Ƙofar Rini. 'Yar ƙaramar wuƙa yake so, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, irin ta ɗaurawa a damtse don yankan goro ko gyara bakin fata. Wadda ya fara ƙerawa da safe tana can yashe a gindin bango. Ba abin da ya same ta, ta ma yi kyau. Kaifinta ne ya kwantar ta ɓangaren da ya saba, na mai hannun dama, sai da ya gama tsaf sannan ya tuna wa yake ƙera wa.

Habibu yake ƙera wa, badukun nan na unguwar Hubbare. Tun suna samari, duk wuƙar da ta fito daga wutar Tukur, Habibu ne ke ɗinka mata kube. Bayan sallar layya hawan jini ya buge Habibu, ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta ɗan dawo, baki ya daidaita, amma hannu ya ƙi. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya sa matarsa Dijatu ta ƙulle kayan aikinsa a buhu ta tura ƙarƙashin gado, ya ce shi da dukanci sun yi sallama. Tun daga nan wuƙaƙen Tukur ke rataye tsirara a rumfa. Maƙwabta sun yi ta ce masa dukawa ba su ƙare a Sakkwato ba, shi kuwa Tukur, in ya kafe, gara ka lanƙwasa ƙarfe mai sanyi. Ba wuƙaƙen ne suka dame shi ba. Tsoro yake ji, don ya sha ganin mai sana'ar da ya naɗe hannu ya zauna, kuma ya san irin wannan zama ba ya tsawo.

Da ruwan wuƙar ya fito yadda yake so, ya ɗauki magagari ya soma kwantar da kaifin ta ɗaya ɓangaren. Hannunsa sai zamewa yake zuwa inda ya saba, shi kuma yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa kamar mai kora akuya daga shanya. Ya mayar da ita wuta har ta yi jawur, ya tsoma ta cikin baƙin mai, ta yi cuuu. Sannan ya gasa ta sannu a kan garwashi har ta yi launin zuma, don kada ta yi gautsi. Ya sassaƙa mata ƙota da itacen ƙirya, yana yi yana gwadawa a hannunsa na hagu, har ta zauna daram.

Bayan azahar ya naɗe ta a tsumma, ya tare ɗan kabu-kabu zuwa Hubbare. A ƙofar gidan ya warware tsumman ya cusa a aljihu. A tsakaninsu ba a miƙa wa mutum kyautar wuƙa tsirara. Mutum ɗaya ake kai wa wuƙa haka, shi ne baduku, kuma kowa ya san ma'anarta aiki.

Habibu na kishingiɗe a zaure, rediyo na ta surutu ba mai saurarensa. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Suka gaisa, Tukur ya tambayi jiki, aka ce da sauƙi, irin sauƙin nan na baki. Sai ya ajiye wuƙar a kan tabarma.

"Mi an nan, Maƙeri?" in ji Habibu.

"Wuƙa ta. Idonka dai lahiya lau shike."

"Tsirara kak kawo mani ita?"

"Ni ƙira nis sani," in ji Tukur. "Kube aikin baduku na, kuma baduku guda nis sani garin ga."

Ran Habibu ya ɓaci. Ya sa hannun hagu ya ɗaga na dama, ya sake shi ya faɗi kan cinyarsa, ya tambayi Tukur ko da wannan zai ɗinka. Ya ce in ba'a ce ta kawo shi, to ya yi ta ishe shi. Tukur ya mayar da hankalinsa kan rediyo kamar labarin farashin taki ya shafe shi.

Amma baduku ba ya iya zama kusa da sabuwar wuƙa bai taɓa ta ba. Can sai Habibu ya miƙa hannu ya ɗauka, wai zai matsar da ita. Ƙotar ta zauna masa a tafi. Ya shafa kaifin da babban yatsa, ya juya ta, ya sake shafawa, sai ya ɗago ya dubi Tukur. Ya jawo takalminsa, ya danne da ƙafa, ya ɗora wuƙar a bakin fatar takalmin ya tura. Fatar ta fito siririya kamar ɓawon albasa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga murya ya ce Dijatu ta kawo buhun nan. Bai rufe baki ba buhun ya shigo zaure, ashe tun shigowar Tukur take tsaye da shi a bayan ƙofa.

Aka jiƙa jar fatar akuya. Habibu ya kwantar da wuƙar a kai ya zana, ya ce Tukur ya riƙe. Haka maƙeri ya zama hannun dama na baduku. Tukur ya danne, Habibu ya yanka, Tukur ya haɗa baki biyu, Habibu ya huda da kibiyar dukanci, ya zura zare ya ja da haƙori. Tun ana tafiya a hankali har faɗa ya dawo. Habibu ya ce yatsun Tukur kamar guntayen rogo, ya ce ya shafa masa baƙin gawayi a fata, ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana dukan ƙarfe ina zai san lallashi. Tukur ya sha zagin nan da daɗi, rabon da ya ji shi tun kafin sallah. Suka tsaya suka yi la'asar, Habibu daga zaune, suka koma. Ɗinkin ya ɗan karkace, amma ya kama. Habibu ya zana ado a fuskar kuben, ya ɗinka maɗauri a bayansa, ko kallo ba ya yi sosai.

Wuƙa ta shiga kube ta zauna cif. Sai wajen ɗaurawa. Tukur ya nufi damtsen hagu kamar kullum, sannan ya tuna hagun ne zai zare, don haka a dama za ta zauna. Ya ɗora ta a damtsen da ya shanye, sai abu ya ƙi. In adon ya kalli waje, kaifin ya juyo inda bai kamata ba, in an gyara kaifin, adon ya koma ciki ya manne da jiki. Habibu ya ɗinka kuben mai hannun dama, irin wanda ya ɗinka duk rayuwarsa.

 Tukur ya ga aikin yini zai koma ƙarƙashin gado tare da buhu. Habibu ya karɓi kuben ya juya shi gaba da baya. Sai kafaɗarsa ta soma rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Kai ka tuna ni bahago na yanzu," in ji shi, "ni mai hannun na mance."

Tukur ya sosa ƙeya, ya ce shi ma bai tuna da wuri ba. Ya ba shi labarin wadda ke yashe a gindin bango, tsawonsu ɗaya da wannan, kaifinta na mai hannun dama. Habibu ya share ido da bakin riga, ya zare wuƙarsa, ya miƙa wa Tukur kuben.

"To wagga ta samu riga tun ba ta zo ba. Gobe ka taho da ita, da waɗanda ar rataye rumhwa. Tawa ta jira, ba inda za ni. Kuma ka wanke hannu."

Tukur ya sa kuben a aljihu ya miƙe. Yana neman takalmansa Dijatu ta leƙo za ta kwashe kayan, Habibu ya ce ta bar buhun nan inda yake.