Allura a Gwangwanin Biskit

Tun a tasha kwandasta ya raɗa mata suna 'Yar Boko, don ya ga sai da ta goge kujera da hankici kafin ta zauna. Ko kallo bai ishe ta ba. Aiki za ta kama a wani ɗakin gwajin ruwa can a birni mai nisa, kuma da bakinta ta faɗa wa 'yan gidansu cewa ko gishiri ba za ta roƙi wani ba. Mamanta, wadda tela ce, ta ɗago kai daga keken ɗinki ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Ki ɗauki gwangwanin biskit ɗin nan, na cika miki shi da guzuri."

A motar, wata tsohuwa ce kusa da ita, da kwandon ayaba a cinya. Ba a yi nisa ba tsohuwar ta ɓallo guda ta miƙa mata.

"Na gode, Iya, ina da nawa," in ji ta, tana dafa jakarta. "Kuma ba na cin abin hanya."

"Ashe. To, mu da muke ci, Allah ya raya mu."

Rana na tsaka motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta mutu a gefen titi, inda babu gida babu shago. Fasinjoji suka koma gindin wata bishiya. Iya ta shimfiɗa zani ta juye ayabarta a kai. Wani ɗan kasuwa mai tumbi ya fito da dafaffen ƙwai, wata mai jego ta ajiye burodi, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, aka zagaye kamar 'yan gida ɗaya.

'Yar Boko ta koma nesa kaɗan, ta zauna kan dutse ta ba su baya. Tun safe ba ta sa komai a baki ba saboda ɗoki. Ta buɗe gwangwanin, sai ga zare kala-kala, allurai, maɓallai da ɗan almakashi. Gwangwanin biskit biyu ne a ɗakin Mama, iri ɗaya sak. Na guzurin yana can kan teburin keke, wataƙila ƙannenta sun riga sun cinye shi tas.

Ta rufe a hankali. Cikinta ya yi ƙugi, ta yi gyaran murya don ta rufa masa asiri.

"'Yata, zo mu ci mana," in ji Iya.

"Ina ci a nan, Iya."

Har da motsa baki ta yi, tana tauna iska. Wadda ta jure shekarun makaranta da takalmi ɗaya, ta wuce 'yan layinsu masu cewa boko ba ya kai mace ko'ina, ita ce ƙamshin ƙwai zai kayar? Ta daure. Rana ta karkata, idanunta suka fara ganin bishiyar bibbiyu, ba ta motsa ba.

Can sai aka ji ɓarrr daga wajen motar. Direba ne ya tsuguna zai leƙa ƙarƙashin inji, wandonsa ya rabu gida biyu tun daga baya. Ya zauna daɓas a ƙasa ya ƙi tashi.

"Oga, taso mana, ga sifana," in ji kwandasta, yana danne dariya.

"Ba inda za ni. Akwai mata a wurin nan."

"To in ba ka tashi ba, wa zai gyara mana mota?" in ji mai tumbi. "Jama'a, wa ke da allura?"

Aka yi ta lalube a jakunkuna, babu. 'Yar Boko ta dubi gwangwaninta. In ta yi shiru, mutuncinta na nan, su kuma kwana a daji. Ta ja dogon numfashi, ta miƙe da kai sama kamar za ta karɓi takardar digiri, ta je tsakiyar zanin ta buɗe shi a gaban kowa.

Iya ta leƙa ciki, ta dube ta. "Wannan kike ta tauna tun ɗazu? Baƙin zaren ya fi daɗi ko jan?"

Dariya ta ɓarke har mai jego tana share hawaye. 'Yar Boko dai ba ta sunkuyar da kai ba. "A miƙo wandon," kawai ta ce.

Iya ta ara wa direba mayafi, ya ɗaura a ƙugu ya koma kan injinsa, kwandasta na kiransa amarya. Ita kuwa ta zura zare ta kama ɗinki, irin wanda ta rantse ta bar wa Mama har abada.

"Buɗe baki," in ji Iya, da ɓararren ƙwai a hannu.

"Iya, ai na ce..."

"Hannunki na aiki, bakinki na zaman banza. Ba ki roƙa ba, ni na ɗura miki. In an tambaya, ni shaida ce."

Ta buɗe. Ƙwai ya wuce, ayaba ta bi shi, mai jego ta tsoma mata burodi a shayin fulas. Kafin ɗinkin ya kai ƙugu, ta faɗa musu inda za ta da aikin da za ta yi. Mai jego ta ce yayarta na zaune a unguwar da za ta, za ta haɗa su. Iya ta ce lallai a gwada mata ruwan rijiyarta, don ita ba ta yarda da shi ba.

Injin ya tashi, direba ya karɓi wandonsa ya ja shi ta ko'ina, ɗinki bai ce uffan ba. Ana shirin shiga mota mai tumbi ya matso, yana riƙe da gaban rigarsa inda ciki ya tsinke maɓalli.

"Ƙanwata, ko akwai fari babba?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Akwai, Yaya. Ƙwan ya ƙare ne?"