Tsamiyar Rizab

Rahma, autata, ta ba ni wa'adi zuwa ƙarshen wata: in sayar da babur, in kulle gidanmu na unguwar Rumde Ajiya, in koma wurinta Maruwa in zauna ina kallon jikoki. Hujjarta wai hankalina ya fara taɓuwa tun rasuwar uwarta. Ni na jawo wa kaina, da na gaya mata a waya cewa baburina ya rage shan mai.

"Baba, babur ne zai rage ci don ya tsufa?" in ji ta. "Kai ne kake zuba mai ka manta."

Na kashe wayar da fushi, amma maganar ta tsaya mini a rai. Gaskiya na tsorata. A makon nan kaɗai sau biyu ina haɗa shayi kofi biyu, sai na zauna in ga ɗayan yana hucewa.

Shekara goma sha ɗaya ina zuwa kasuwar shanu ta Adumri duk Alhamis a kan wannan babur, matata Mairamu a baya da jarkar man gyaɗa da buhun ƙuli-ƙuli. Ni in shiga kara wajen dillanci, ita ta baza kayanta a bakin ƙofa. Agogon babur ya mutu tun shekararsa ta farko, saboda haka da garuruwa nake auna mai. In na cika tanki, zuwa uku ne. A dawowa ta uku, daidai mararrabar Pitoa, sai ya yi tari, in sunkuya in juya makunnin mai zuwa rizab, ɗan ragowar da ke ƙasan tanki. Bai taɓa saɓawa ba. Yanzu wata huɗu ke nan ina wuce Pitoa ina kasa kunne, shiru, har ƙofar gida.

Na kai shi wurin Gédéon, bakaniken da ke bayan mahauta. Muka tsiyaye tankin tas, ya kawo kwalaben zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, na lita ɗaiɗai da mazurari. A takardar babur an rubuta lita goma sha uku. Mu dai goma sha ɗaya da rabi muka zuba, mai ya taɓo baki.

"Wanda ya rubuta takardar bai taɓa hawa moto ba," in ji Gédéon.

Ya cire tiyo ya bar mai yana zuba har ya tsaya da kansa, sannan ya juya makunni zuwa rizab ya tara wata kwalba. Lita ɗaya da kwata.

"Voilà. Moto ɗinka lafiya lau, Baba Kamilu. Tanki bai ƙara girma ba."

Na dai ga irin kallon da ya yi mini.

Wannan lita da kwatar na san iyakarta kamar yadda na san ɗakina. Makon da muka sayi babur, Mairamu ta ce ba za ta hau abin da ba a san ƙarshen numfashinsa ba. Muka bar rizab kaɗai a tanki, ta rungume kwalbar fetur a cinya, muka kama hanyar Adumri. Ya mutu a gindin wata tsamiya, can gaba da Pitoa. Ta miƙo mini kwalbar ta kan kafaɗa tana dariya, tana cewa ashe ƙarfen nasara ma rago ne. Na ce ko jaki aka ɗora wa ke sai ya nemi inuwa. Mace ce mai jiki, Allah ya jiƙanta, kuma ba ta taɓa jin kunyar hakan ba. Tun daga ranar take kiran wurin tsamiyar rizab.

Na yanke wa kaina hukunci: in babur ya mutu a tsamiya, to ni ne nake mantuwa, in tattara in tafi Maruwa ba gardama. Washegari da hantsi na mayar da lita da kwata daidai, na ɗaure kwalba ɗaya a kujerar baya da roba, na tashi.

Ba ranar kasuwa ba ce, hanya fayau. Na wuce Pitoa, na wuce gonakin auduga. Na kama kaina ina zaune a can gaban kujera, maƙale da tanki, kamar yadda na saba don in bar mata wuri. Da na hango tsamiyar sai na sassauta hannu ina jiran tari. Babur ya wuce inuwarta ko gezau bai yi ba. Na waiwaya ina kallonta tana ƙanƙancewa, na ji kamar na wuce mutum a hanya ban gaishe shi ba.

Sai da na ƙara tafiya mai ɗan nisa, kilomita shida ko bakwai a ƙiyasina, sannan ya yi tari ya mutu a wani fili da ko bishiya babu. Na zauna a kai, injin yana ƙas-ƙas yana hucewa. A nan na gane, kuma ban ji daɗin ganewar ba ko kaɗan.

Na kira Rahma.

"Hankalina na nan," na ce. "Babur ma bai canza ba. Uwarki ce ta sauka, nauyi ya ragu."



"Kana ina, Baba?"

"Na wuce tsamiya."

Ta san tsamiyar, ta sha jin labarinta. Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "To ka riƙe baburinka. Ka dai koma gida da wuri."

Na ci gardama ke nan. Na mayar da wayar aljihu, na buɗe murfin tanki, na miƙa hannu ta kan kafaɗa ina jiran kwalba. Na ɗan jima a haka kafin na sauka na kwance kwalbar da kaina.