Ɗakin Soso

Akwati biyu. Katifa a naɗe. Kwamfuta, makirufo da ƙafarsa, na'urar sawa a kunne. Tukunya, bokiti, fitilar caji. Sai manyan buhuna cike da baƙin soso mai tudu da kwari kamar kwalin ƙwai.

Kayana ke nan a bayan motar kaya, ni kuma ina gaba kusa da direba, mun maƙale a cunkoso.

"Yallaɓai, sana'ar katifa za ka buɗe ne?" in ji direban.

"A'a. A bango zan liƙa."

Ya dube ni ta wutsiyar ido, ya ƙara wa rediyonsa murya.

Na daɗe a ƙasar waje ina karatu. Da na dawo na sauka gidan Yaya, babbar yayata, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu. Gidanta ba ya shiru: yara, talabijin, ga mai walda a jikin katanga. Aikina kuwa ba ya son ko tarin ƙadangare. Kamfani ne ke turo mini littafi, in karanta shi da murya, in naɗa, in mayar musu, masu saurare su saya. Na yi wa Yaya wannan bayanin har bakina ya gaji. Kullum amsarta ɗaya ce.

"To, Allah ya kawo aikin, Bature."

Bature suke ce mini tun ranar da aka ga na sha shayi ba sukari.

Sabon gidan yana saman bene, a ƙarshen layi. Na ware ƙaramin ɗakin da ba shi da taga, na liƙe shi da soso, bango da rufi da bayan ƙofa, na shimfiɗa darduma mai kauri. In na shiga na ja ƙofa sai muryata ta fito tas, ba amsa-kuwwa. Soso iyakar aikinsa ke nan. Ba ya hana murya ratsa bango.

Kada a ce ban yi ƙoƙarin zama da mutane ba. Na bi ƙofa-ƙofa na yi gaisuwa. Na canza ƙwan fitilar matakala da ya mutu tun kafin in zo. Wajen mai shagon ƙasa nake sayayya, ko da burodinsa ya kwana. Kullum sai ya ce, "Bature, yau ma hutu ake?" In ce aiki nake a sama. Ya yi dariya, ya ce Allah ya ba shi irin wannan aikin.

Ƙofar da ke kallon tawa ta matar tela ce. Duk benen Gidan Rediyo suke kiranta, har a gabanta, kuma amsawa take yi.

Littafin da ke hannuna labari ne mai mutane da yawa: tsohuwa mai masifa, jikanta, da wani mahauci da ba ya magana sai da tsawa. Ni ne dukansu. In layi bai fito ba sai in ce "a'a, sake," in maimaita har ya zauna. Na ci fiye da rabi, kuma ƙarshen mako kamfanin ke jiran aikin. Shi ne na farko da suka ba ni tun da na dawo. In na makara, ba na biyu.

Ran nan da hantsi na fita neman madadin wata wayar makirufo da ta lalace. Da na dawo na tarar da takalma jere a ƙofata, ƙofar kuma a buɗe. Ranar da na tare na ba Yaya makulli ɗaya, don ko-ta-kwana.

Soson na fara gani. An tula shi a falo, a yayyage, da ɓawon fenti a bayansa. Na leƙa ɗakin. Bango tsirara, sai tabon gam. An naɗe makirufo cikin zani an ɗora can saman durowa, yadda ake ɓoye wa yaro reza.

Yaya na kan tabarma, idonta ja. Mijinta na tsaye yana juya makullin mota. Kawu, ƙanin mahaifinmu, ya zauna a kujerata guda. Gidan Rediyo ta jingina da ƙofa ta harɗe hannu.

"Wa ya yi wannan?" na ce.

"Zauna, ɗana," in ji Kawu a hankali, da muryar dubiya. "Zauna tukuna. Ka ci abinci?"

"Kawu, wa ya taɓa mini ɗaki?"

"Ni ce," in ji Yaya. "Ni na sa aka cire. Irin wannan ɗakin na gan shi a fim, na san waɗanda ake sakawa a ciki. Ƙanina ba zai gina wa kansa shi ba ina raye."

"Ni dai abin da kunnena ya ji na faɗa," in ji Gidan Rediyo, ba wanda ya tambaye ta. "Yanzu tsohuwa, an jima yaro, sai ƙato ya daka tsawa, sai dariya. Na tsaya a matakala in ga mai fitowa, ba kowa sai shi. Kuma mai shago shaida ne, ba ya zuwa ko'ina. Maƙwabci ai ɗan'uwa ne, ba zan gani in yi shiru ba."

"Shiru? Ke?"

"Bature, a bi a sannu," in ji mijin Yaya. "Karatu in ya yi yawa yana taɓa mutum, ba abin kunya ba ne. Ina da aboki likita, na yi masa magana. Cikin sirri za a yi, ba mai ji."

"Ba mai ji? Alhaji, leƙa matakala. Duk layin na nan."

Na shiga kicin in sha ruwa ko zuciyata ta sauka. Babu wuƙa ko ɗaya. Har almakashi sun kwashe.

Na dawo na buɗe kwamfuta. Na ce su saurara. Na kunna babin farko. Tsohuwa ta fito tana zagin jikanta kan akuya, mahauci ya daka tsawa, duk da muryata.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Subhanallahi. Har naɗa yake yi."

A nan na fashe. Na ce aiki ne, aikin da na tsallaka ƙasashe na koyo. Na ce babukan da na gama ba za su haɗu da sauran ba, don ɗakin da ya ba su wannan sautin sun kashe shi, dole in koma farko. Na ce a can inda na zauna, cikin baƙi, ba wanda ya taɓa murɗa ƙofata ba na nan, sai da na dawo cikin dangina. Na ɗaga murya sosai. Ina yi ina ganin suna kallon juna.

"Kun gani ko?" in ji Gidan Rediyo. "Wannan ce muryar ƙaton."

Na rufe kwamfutar. In na yi tsawa, alama ce. In na yi shiru, ita ma alama ce.

Yaya ta share ido da gefen mayafi. "Ko aikin ne, wane irin aiki ne mutum ya kulle kansa a ɗakin da ba taga yana faɗa da iska? Ni na goya ka, na fi ka sanin kanka. Ka tattara ka dawo gidana, inda ido zai riƙa ganinka. In kuma mun yi maka kaɗan, ka koma inda ka fito. Ba zan zauna ana nuna ni da baki a kasuwa ba."

Ba ta san inda ta taɓa ba. Wurin da na yi aiki a can sun ce duk ranar da na ga dama in dawo. A tsaye a falon nan, ƙafata cikin yagaggen soso, na yi tunanin. Can ba mai leƙa ni. Ba kuma mai tambayar ko na ci abinci.

Na miƙa hannu. "Yaya, makullin."

"Ni kake karɓe wa makulli?"

"Ke. Da wuƙaƙena."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kwance bakin zani ta ajiye makullin a kan tabarma, ba a hannuna ba. Mijinta ya fito da wata leda daga bayan kujera, ƙarfe na ƙara a ciki. Na kama hannun Kawu na tashe shi, na juya masa takalmansa, na raka su bakin ƙofa. Mutanen matakala suka dare, kowa ya tuna yana da aiki.

Gidan Rediyo ce kaɗai ba ta motsa ba.

"Gobe da safe tsohuwar za ta sake farawa daga farko," na ce mata. "Ki zo da kujera, tsayuwa na kawo ciwon baya."

Yaya ta juyo daga matakala. "Bature, ban ji amsarka ba."

Na rufe ƙofar, na murza makulli, na ba ta amsa ta cikin katako.

"Ba zan dawo gidanki ba, Yaya, kuma ba zan koma can ba. Nan na tare, nan zan yi aikina. Mai son ganina ya ƙwanƙwasa."