Ƙoƙon Baba Anselmo

"Riƙe shi da kyau, ba ya cizo," in ji Mirta, nas ɗin, tana ɗora wa Nélida ƙoƙon shayin mate mai bututun zuƙa a tafin hannu. "Yanzu na gama sha, ga janbakina nan a bakin bututun."

Nélida ta riƙe shi nesa da jikinta. Haka ake yi kullum a wannan asibitin na birnin Rosario: sai an tsokano waswasin da ke damunta ya miƙe tsaye, sannan a kifa mata hular na'ura mai maganaɗisu. Na'urar ta fara ƙwanƙwasa mata kai, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar maƙwabci mai naci. Likita ya ce wurin da ya ƙi yin shiru a ƙwaƙwalwa ake lallashi. Bai yi mata alkawarin komai ba.

Ita ma ba abu mai yawa take nema ba. Tun tana budurwa tsoron ƙwayoyin cuta ya kama ta, ta yi ta wanke hannu har fata ta tsattsage. A gidansu kuwa kowace yamma mahaifinta, Baba Anselmo, ke zuba ruwan zafi a ƙoƙo ɗaya mai bututu ɗaya, kowa ya zuƙa ya mayar masa. Ita sai a tsallake ta. Ba wanda ya taɓa yi mata gori, wannan kuwa ya fi gorin ciwo. Yanzu tsohon ya rame, tana tsoron ya tafi ba ta karɓa daga hannunsa ba.

Da aka cire hular, ta lura har yanzu ƙoƙon na hannunta. Ta manta ba ta ajiye ba.

Da yamma ta sauka daga bas ta tarar da 'yan gidansu a tsakar gida. Ta ja kujera ta shiga da'irar. Baba ya cika ƙoƙon, hannunsa ya bi hanyar da ya saba, ya wuce ta zuwa ga ƙaninta Ramiro.

"Baba, ka tsallake ni."

Tsohon ya dube ta.

"'Yata, duk mun sa baki fa. Ga shi ma ya salamce. Bari in wanke..."

"Kar ka wanke."

Ta karɓa. Bututun na ɗauke da ɗumin bakin wani. Muryar waswasin nan ta taso a kanta, sai dai yau kamar daga gidan maƙwabta take ihu. Nélida ta tsaya da ƙoƙon a gaban leɓenta, ta kasa gaba ta kasa baya. Kowa ya sunkuyar da kai, irin tausayin da ta gaji da shi.

Sai Ramiro ya yi tsaki.

"Ke Yaya, makirfo aka ba ki? Sha ki miƙo, mutane na jira!"

Rabon da wani ya yi mata rashin kunya a gidan nan har ta manta. Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Ta zuƙa har ƙoƙon ya yi ƙara alamar ruwan ya ƙare, ta miƙa wa Baba. Ya cika, ya ba na gaba.