Kwana Huɗun Ticha Torkula

"Ticha, ɗaga gwiwarka daga bakin kwatata, ruwan wanke-wanke na tafe."

Bai ɗaga ba. Yana durƙushe a kan tsohon buhun taki cikin lungun da ya raba gidana da nasa, goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, bakin kyamararsa bai fi tsawon yatsa daga wata ciyawa ba. Ɗaya hannun na riƙe da murfin bokitin fenti yana tare iska da shi. Sai ya ɗaga mini ɗan yatsa, wai in yi shiru. Ni, a jikin katangata, mutum yake ce mini in yi shiru saboda ciyawa.

"Malam Babandi, abeg, numfashinka yana girgiza shi," ya ce, bai ko dube ni ba.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da Ticha Torkula a nan Lafia, ban taɓa jin ɗigon ƙaunarsa a raina ba, kuma ba zan yi ƙarya don ya mutu ba. Batibe ne, ɗan ƙabilar Tibi, malamin makaranta da ya yi ritaya. Maimakon ya kama gona ko ya buɗe shago kamar masu hankali, sai ya ɗauki kyamara ya shiga bin furanni. Ba furannin gidan masu kuɗi ba ma. Furen kuɓewa, furen riɗi, furen kabewa, har na ƙaya a bakin juji. Yakan kwanta rub da ciki da sassafe, ya ɗiga wa fure ruwa da sirinji, ya haska shi da guntun madubi, ya ɗauke numfashi kamar mai ninƙaya. Wata rana ya nuna mini hoton cikin furen kuɓewata, ya cika takarda, da wata ƙura rawaya kamar garin masara. Na tambaye shi ko ana cin hoto. Ni manomin doya da riɗi ne a Ashige, abin da ba ya shiga tukunya ko buhu, sunansa ciyawa.

Asalin gabarmu kuwa kwatar nan ce. Shi ya kai ƙarata wurin duba-gari wai ruwan gidana na kashe masa shuke-shuke. Aka zo aka tsaya a kaina, na yi haƙa da hannuna mutanen layi na kallo. Ban manta ba.

Ranar dai na ce masa, "Jibi zan yi feshi a lungun nan. Jiya kububuwa ta kashe mini kaza a cikin ciyawarka, kuma nan jikata Rahmat take wucewa zuwa Islamiyya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gobe ƙafarka za ta sara."

Sai a lokacin ya juyo. Ya dafa katanga ya miƙe da ƙyar, don ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga sosai. Ciwon ƙoda ne, duk layi an sani.

"Ka ga wannan?" Ya nuna wani tsiro da ya kewaye da guntayen bulo shida. Ganye ne dogaye, da kara ɗaya a tsakiya ɗauke da ƙunshin fure biyar, duk a rufe. "Ku kuna kiran shi albasar kwaɗi. Daga fadaman Agyaragu na tono shi, shekara uku ke nan, bai taɓa yin fulawa ba sai wannan ruwan. Fari ne, da jan layi a tsakiya. In ya buɗe, kwana biyu ya mutu. Ni yanzu ba na iya hawa mashin in je daji, Malam. Wannan lungu shi ne dajina. Ka ba ni kwana huɗu kawai."

"Maciji zai jira kwana huɗun?"

"Zan sa a nome sauran da fartanya. Ka bar mini cikin bulo ɗin nan kawai. Kwana huɗu."

"Lokacin da ka kira mini duba-gari, kwana nawa ka ba ni?"

Ya naɗe buhunsa, ya jingine murfin bokitin a katanga, ya ja ƙafa ya shige gida.

Matata Jumai ta ji komai daga tsakar gida. Da na shiga ta ce, "Malam, haushin kaza kake hucewa a kan dami. Mutumin nan ba lafiya gare shi ba." Na ce ta kula da tukunyarta.

Ranar Laraba da hantsi keke-napep ya zo ya ɗauke shi zuwa asibiti, 'yarsa Erdoo na riƙe da shi. Ina ganin sun sha kwana na haɗa magani, na goya injin feshi, na shiga lungu. Na feshe gefen kwata, na feshe gindin katanga. Da na iso wurin bulon nan na tsaya. Gaskiya zan faɗa, da ma ya cika alkawari, an nome kewayen tas, ba inda maciji zai ɓuya. Taki ɗaya zan yi in wuce. Sai na tuna dariyar da aka yi mini ranar haƙan kwata. Na saita bakin injin a kan ƙunshin furen, na matsa, na sake matsawa har ruwan maganin na ɗiga daga jikinsu. Na ji daɗi a lokacin, daɗi sosai.

Kwana biyu aka riƙe shi a asibiti. Ranar Juma'a da la'asar suka dawo, kuma ko ɗaki bai shiga ba ya ce a kai shi lungu. Ina zaune a ƙofar gida ina gyaran fartanya, ina kallonsu ta wutsiyar ido. Ganyen ya ƙone ya yi ruwan toka, karan ya lanƙwashe, furannin sun yanƙwane kamar busasshiyar kuɓewa.

Erdoo ce ta fara magana, kuma da ƙarfi ta yi don layi ya ji. "Wane irin mugun mutum ne wannan? Baba Babandi, kai ba ka jin tsoron Allah? Tsoho mara lafiya ya roƙe ka!"

"Lunguna ne," na ce. "Ki tambayi ubanki waye ya fara."

Na shirya wa zagin Ticha, har na tanadi amsa. Bai ba ni wannan damar ba. Cewa ya yi, "Erdoo, kawo mini kyamara da buhu."

Ta kawo tana kuka. Ta riƙe shi ya durƙusa, ta tare masa iska da murfin bokitin. Ya kai bakin kyamarar jikin furen da ya ƙone, ya daɗe yana murza ta, ya ɗauke numfashi. Na ji ƙarar kyamarar sau uku. Bai iya tashi da kansa ba, sai da mai keken ya taimaka aka ɗaga shi. Ya wuce ta gabana bai ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ƙona mini rai.

Bai sake fitowa lungu ba. Kwana tara bayan nan, da safe ina ɗaure buhu a mashin, na ji kukan mata daga gidansa.

Na shiga gaisuwa, don maƙwabci maƙwabci ne. 'Yan cocinsu sun cika tsakar gida suna waƙa da harshensu. Na ce wa Erdoo, "Sannu da haƙuri." Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ranar da za a tafi da gawar zuwa ƙauyensu a Binuwai, mota na jira, ta tsallako kwata ta miƙo mini ambulan.

"Baba ya sa na wanke wannan, ya ce in ba ka. Da ni ce, wallahi ba zan ba ka ko ruwa ba."

Ta juya ta shiga mota.

Hoto ne guda ɗaya. Furen da na ƙone ne, ya cika takardar, baƙi-baƙi, a murɗe. Amma bakinsa ya ɗan tsage, kuma ta tsagar ana hango fari tas da jan layi siriri a tsakiya. Da na bar shi, washegari zai buɗe. A bayan takardar ya rubuta kwanan wata, sai kalma ɗaya: "Lungunmu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya mutu, amma sai da ya tabbatar maganarsa ce ta ƙarshe, ya tafi inda ba zan iya mayar masa ba. Na jefa hoton a kan kwaba. Jumai ta ɗauka ta soke shi a jikin kalandar ɗakinmu, na ce ta cire, ta ce in cire da hannuna. Har yau yana nan.

Gidansa yanzu a kulle yake. Damina ta yi nisa, ciyawa ta sake cika lungun, don ba mai nome ta. Makon jiya na goya injina na shiga, na fara daga bakin kwata kamar kullum. Da na iso wurin bulon nan shida, sai na ga wani ɗan koren tsini ya huda ƙasa a tsakiyarsu, bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Murfin bokitin yana nan jingine a katanga inda Erdoo ta bar shi, ruwan sama ya watsa masa jar ƙasa. Na ɗauka, na karkaɗe shi a gwiwata, na kifa shi a kan bulon. Sannan na ci gaba da feshi.